Galmar da Ke Cikin Gilashi

Babanmu bai taɓa hutawa da gangan ba. Yakan yi barci, yakan zauna a coci ranar Lahadi, amma a ce yau ga shi ya zauna don zama kawai, wannan ban taɓa gani ba har na yi aure na haifi biyu. Ko a cocin ma, in ka lura da hannunsa, za ka ga yana tsince ƙarangiya daga ƙafar wandonsa, in ta ƙare ya koma kan ta wanda ke kusa da shi.

Gonarsa tana kan dutse, bayan ƙauyenmu da ke kusa da Zuru, hawan da ni da ƙuruciyata sai na tsaya sau uku kafin in kai. Asali ta kakana ce, mahaifin Mama. A nan Baba ya yi golmo, wato noman da saurayi yake yi wa uban yarinya damina bakwai kafin a ba shi ita. A gidan kakana, in ɗan golmo ya cika, uban yarinya ne yake zuwa bakin gona da kansa, ya karɓi galma daga hannunsa, ya ce ya sallame shi. Kakan nawa kuwa ya rasu ana tsakiyar damina ta bakwai, dawa ta fara fid da kai. Ba shi da ɗa namiji, ƙannensa duk aikin soja ya kwashe su. Bayan makoki aka kai Mama ɗakinta, Baba kuma ya ci gaba da hawa dutsen nan kamar babu abin da ya canja. Shi ya sa duk wanda ya ce masa ya rage aiki, amsarsa ɗaya ce: "Ba a sallame ni ba." Mu sai mu yi dariya, don mun ɗauka barkwanci ne, shi ma yakan yi murmushi in ya faɗa.

A bazarar shekarar da nake magana, ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumbu. Muka kai shi asibiti a cikin gari. Likita ya gwada nan ya gwada can, ya ce wa Baba ya riƙa hutawa. Baba ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa mai tallan maganin ƙwari. Ni likitan ya ja gefe, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: zuciyar ta gaji, in ya ƙara hawa dutsen nan da galma a kafaɗa, wata rana a sama za mu je mu ɗauko shi. Damina kuma saura 'yan makonni.

Wa zai gaya masa? Ni malamar makaranta ce, ina tsayawa gaban yara sittin in yi tsawa aji ya yi tsit, amma gaban Baba harshena nauyi yake yi. A gida ma ba a iya yi masa maganar da ba ya so. Da ka fara, sai ya tuna bai duba awaki ba, ya tashi ya bar ka da bakinka a buɗe.

Ana haka yayana ya zo hutun Ista. Saje ne a soja, ko da yake Baba har gobe Kofur yake kiransa, wai shi bai ga abin da ya ƙaru ba sai tumbi. Yaya ya saurari bayanina, ya ce matsalar ta wuri ce: dole a kai Baba inda ba awaki, ba rumbu, ba hanyar tserewa. Litinin bayan Ista ita ce ranar da muke fita Galili, a ɗauki abinci a je bayan gari a wuni tare da iyali. A shekarun nan mutane sun koma zuwa wurin shaƙatawar da gwamnatin jiha ta yi a bakin tafki, ta hanyar Mahuta. Tunda abin na da ƙanshin coci, Baba ba zai iya cewa a'a kai tsaye ba.

Yaya ya tara mu a bayan ɗaki ya raba aiki. Shi zai buɗe magana. Ni in biyo da bayanin likita. Mama ta rufe da hawaye.

Mama ta ce, "Ni ba na kuka da oda."

"To ki yi shiru mai nauyi."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta koma wajen tukunyarta.

Ranar Litinin da hantsi muka shiga motar Yaya. Kafin a tashi sai da ya caje Baba, ya zaro lauje daga ƙarƙashin kujera.

"Baba, wannan fa?"

"In aka ga ciyawar awaki a hanya, barin ta za a yi?"

Aka bar laujen a gida. Baba ya yi fushi har muka wuce kasuwa, sannan ya huce ya shiga aikin da ya saba in yana cikin mota, wato duba gonakin mutane yana yanke musu hukunci. Wannan bai yi sharar gona ba, wancan ya ƙone abin da ya kamata ya bari ya ruɓe, wancan kuma daga gani ɗan boko ne.

Wurin yana da kyau, gaskiya. An zagaye shi da waya, an dasa dogon yaro da mangwaro, ga kujerun siminti suna kallon ruwa, ga lilo, ga kwalekwale biyu an shafa musu fenti. Tafkin ya shimfiɗu har gindin duwatsu, iska mai sanyi tana tasowa daga kansa duk da zafin bazara. Can gefe akwai wani ɗan gini da aka rubuta ɗakin tarihi a goshinsa. Ni da na shigo sai na ji kafaɗuna sun sauka. Baba kuwa yana wuce ƙofa ya tsaya cak, yana kallon filin koriyar ciyawa da ya gangara har bakin ruwa.

Ya juya ga mai gadi, da Hausarsa ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Gonar wa ne wannan?"

"Ta gwamnati ce, Baba."

"Gwamnatin ba shi da lafiya ne?"

Baba ya tsuguna, ya tona ƙasa da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya fara lissafa wa kansa abin da wurin zai yi: rake a bakin ruwa, shinkafa a kwari, albasa da rani. Yana cikin haka ya hango wani ma'aikaci riƙe da tiyo yana ba ciyawa ruwa. Na ga fuskarsa ta canja kamar ya ga ana zuba wa ɓera hatsi.

"Malama," ya ce mini, don haka yake kirana, "abin da muke kashe kanmu muna cirewa, shi ake shayarwa a nan?"

Na ce, "Don kyau ne, Baba."

"Wa ke cin ta?"

"Ba kowa. Zama ake yi a kai."

Ya daɗe yana girgiza kai.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro. Mutane sun cika wurin, mata da anko, yara suna guje-guje, wasu matasa suna kaɗa ganga suna waƙoƙin tashin Almasihu. Wani ɗan kasuwa Ibo da Baba ke sayen gishirin awaki a shagonsa ya hango mu, ya zo da fara'a.

"Baba! Yau kai ma ka zo shan iska?"

Baba ya ce, "Iska akwai a gida. Kawo ni aka yi."

Kafin Mama ta gama buɗe kula, na duba na ga ya tsince ciyawar da ke kewaye da tabarmarmu da hannu, ya tara ta gefe guda, ƙasa ta fito fes. Na ce masa ya bari kar a kore mu. Ya ce ai ba ya yin komai, hannunsa ne.

Dabarar Yaya ta farko ita ce kwalekwale. Wai a tsakiyar ruwa ko Baba ya tuna da awaki ba inda za shi. Muka je bakin ruwa, Baba ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, ya tambayi mai tuƙi inda yake kai mutane.

"Mu zagaya mu dawo nan, Baba."

"Nan ɗin?"

"Nan ɗin."

"To ai muna nan."

Ya juya ya koma tabarma. Mai kwalekwale ya yi ta dariya har da riƙe ciki, Yaya kuma ya tsaya yana sosa ƙeya.

Muka ci shinkafa da kaza. Da aka wanke hannu, na taka ƙafar Yaya. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta fareti.

"Baba, dama..."

Baba yana kallon gabas, inda wani ɗan gajimare ya leƙo bayan dutse. Ya ce, "Kwana goma, in ya daɗe sha biyu. Bana da wuri zai sauka. Ban ma gyara duwatsun da suka zube a gefen sama ba." Sannan ya juyo. "Me ka ce, Kofur?"

Mutumin da yake da igiya uku, wanda in ya yi tsawa ƙarti talatin suke ƙamewa, sai ya ce, "Dama kazar nan ta yi daɗi."

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa murfin kula. Na yi ta maza na ce, "Baba, maganar likita ce." Ban kai ga kalma ta biyar ba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce tunda an zo, bari ya ga abin da ke cikin wancan ɗakin. Mun kawo shi inda ba awaki, ashe mun manta da ɗakin tarihi. Haka muka bi shi a baya ni da Yaya muna hararar juna, Mama tana tafe a hankali da ƙashin kaza a hannunta.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne siriri mai tabarau, daga wajen Birnin Kebbi aka turo shi. Da ya ga mutum huɗu sun shigo a lokaci ɗaya, sai ya miƙe da sauri har hularsa ta kusa faɗuwa. Daga baya ya gaya mana cewa mutane sukan leƙo ne kawai su tambayi inda ban ɗaki yake. Ya ɗauki 'yar sandarsa ta nuni ya fara zagayawa da mu. Ga tuluna, ga kwari da baka, ga ƙahon da 'yan kokawa suke busawa, ga wani tsohon hoto na kwarin nan kafin a tare ruwa, rafi ne siriri da hanyar ƙafa a gefensa.

Baba ya matsa kusa da hoton. Ya sa yatsa a wani wuri ya ce akwai tsamiya a nan, a gindinta suke hutawa in sun dawo daga noman wani ƙauye, su goma sha biyu, kowa da galmarsa. Yanzu tsamiyar tana ƙarƙashin inda kwalekwalen nan yake zagayawa. Ya ambaci mutum uku daga cikinsu, ya tsaya, bai ƙarasa sauran ba. Mai ɗakin ya ce hoton bai nuna tsamiya ba. Baba ya ce mai hoton ne ya tsaya a inda bai kamata ba.

Sai muka iso akwatin gilashin da ke tsakiyar ɗaki. A ciki, kan jan ƙyalle, galma ce kwance, irin tamu mai faɗin baki, an goge ta har tana ƙyalli. Mai ɗakin ya gyara tsayuwa, da gani nan ne wurin da ya fi so.

"Wagga galma ta mutanen dauri ce. Can zamanin da, saurayi sai ya yi damana bakwai yana noma gonar surukinai kahin a ba shi mata. Mutane ne masu ƙarhi ƙwarai. Yanzu duk sun ƙare, sai tarihi."

Baba ya ce, "Su wa suka ƙare?"

"Masu yin hakan, Baba."

"Ga ni." Ya nuna ƙirjinsa, sannan ya nuna ƙofa. "Ga matar ma can yana cin ƙashi."

Mama ta ɗaga ƙashin kazar kamar mai amsa gaisuwa. Dattijon nan ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na ɗauka zai ji haushi. Ina! Sai ya kama hannun Baba da hannu biyu, yana cewa tun da anka kawo shi nan yake karanta abin ga bisa takarda, bai taɓa sanin tarihin zai shigo mishi da ƙahwa ba. Ya zaro littafi da biro daga aljihu.

Baba dai hankalinsa na kan gilashi. Ya sunkuya, ya leƙa ta wannan gefe, ya zagaya ta wancan, ya ja dogon tsaki.

"Wa ya sa mata ƙota?"

"Haka nit iske ta, Baba."

"A juye take. Bakin galma ƙafarka yake kallo. Wannan waje take kallo. Da ita sai dai ka nome gonar maƙwabcinka."

Na duba, kuma gaskiyarsa ce. Shekara da shekaru galmar nan tana kwance ana kawo 'yan makaranta suna kallo, bakinta a juye. Baba ya ce ba zai fita daga ɗakin ba sai an gyara, don in jikokinsa suka zo suka gani za su ɗauka kakanninsu wawaye ne. Mai ɗakin ya leƙa waje, sannan ya murɗe wata lanƙwasasshiyar ƙusa da ke riƙe da murfin. Makullin ke nan gaba ɗaya.

A bakin ƙofa Baba ya zauna kan dakali, ya buga ƙotar a dutse sau biyu, ƙarfen ya fita. Ya juya shi, ya mayar, ya nemi ɗan guntun ice ya cusa ya daddage. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ya ɗaga ta ya jijjiga, ya auna nauyinta, fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba tun kafin asibiti. Mai ɗakin yana ta rubutu. Ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya janye.

"Ba a mayar da galma ba a gwada ba."

Yaya ya ce, "Baba, a'a," da muryar da ta fi kama da roƙo. Mai ɗakin, wanda bai san komai game da likita ba, har ya fara nuna wani wuri mai laushi a bayan ginin, inda ruwan tiyo yake gangarawa. Kafin in buɗe baki Baba ya tuɓe rigarsa ta coci ya miƙa mini, ya cire takalmi, ya tofa yawu a tafin hannu.

Mutane suka fara taruwa. Masu ganga suka matso. Ɗan kasuwan nan ya ɗaga waya yana ɗauka. Baba ya sunkuya ya kafa galma, ya ɗago ƙasa ya kifar, ya ja baya, ya sake kafawa. Ciyawar gwamnati ta kife ciki, baƙar ƙasa ta fito sama. Kunyar tana tafiya a miƙe kamar an ja zare. Ya fara wata waƙa ƙasa-ƙasa da yarenmu, wasu tsofaffin mata daga cikin taron suka gane ta, suka amsa, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Ina tsaye rungume da rigarsa, rabin zuciyata alfahari, rabi tsoro, ina ƙirga saran da yake yi ba tare da na sani ba.

A na goma sha huɗu ya tsaya. Bai faɗi ba. Ya dafa ƙotar da hannu biyu, kansa a ƙasa, kamar mai duba wani abu a cikin ƙasar. Amma ni ina ganin haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka, leɓɓansa sun yi fari, gwiwarsa ɗaya tana rawa. Gangar ta yi shiru. Yaya ya yunƙura, Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ya dube shi ba, Yaya ya ƙame a inda yake. Na san abin da zai biyo baya: zai jira numfashi ya dawo, ya ƙarasa kunyar nan ko da ita ce ta ƙarshe, don bai taɓa barin kunya rabi ba, balle a gaban jama'a.

Sai Mama ta miƙa mini ƙashin kazarta. Ta goge hannu a zani, ta cire takalmi, ta taka cikin ƙasar da ya kifar har ta tsaya a gabansa. Da yarenmu ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma wurin ya yi tsit har na ji komai.

"Bakwai babana ya ce. Ka ƙara hamsin da biyu a kai. Ina ƙirgawa."

Baba yana haki ya ce, "Ba a sallame ni ba."

Wannan karon bai yi murmushi ba, kuma a nan ne na gane cewa shekara da shekaru muna dariyar abin da ba wasa ba ne. Mutumin nan da gaske jira yake yi. Ya yi wa wani tsoho alkawari yana saurayi, tsohon ya tafi bai ce ya isa ba, shi kuma bai ga wanda yake da ikon faɗa ba. Ba likita ba, ba saje ba, balle malamar makaranta.

Mama ta sa hannu ta kama ƙotar, a ƙasan nasa hannun.

"Na sallame ka."

"Ke ba babanki ba ce."

"Ni kaɗai na rage a gidan. In ba ni ba, wa kake jira? Ya tashi ya zo?" Ta ja galmar kaɗan. "Ka noma, ka cika, ba ya bin ka komai. Saki."

Ban san tsawon lokacin da suka yi a haka ba, tsoho da tsohuwa riƙe da galmar gwamnati a tsakiyar fili. Na ga yatsunsa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mama ta ɗauke ta da ƙyar, don ta fi ƙarfinta, ta miƙa wa mai ɗakin tarihi, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa kuka nake yi sosai, da ƙashin kaza a hannu ɗaya, rigar coci a ɗayan. Mama da aka ba aikin hawaye ko ɗigo ba ta yi ba.

Muka zaunar da Baba a kan dakali, ya sha ruwa, ya sha maganinsa, numfashi ya dawo a hankali. Abin da ya fara cewa shi ne, ba za a bar wa mutane kunya rabi ba. Ya dubi Yaya.

"Kofur."

Haka Yaya ya tuɓe takalmi mai tsada, ya naɗe wando, ya karɓi galma. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Kunyar ta tashi daga inda Baba ya tsaya a miƙe, ta karkata hagu, ta dawo dama, ta nufi tafki. Masu ganga suka dawo da kiɗa, wannan karon da tsokana. Baba yana zaune yana ba da umarni, yana cewa da kakanmu ya ga wannan aikin, ko kaza ba zai ba shi ba balle 'ya. Mai ɗakin tarihi ya tambaya ko ya rubuta wannan ma, Baba ya ce ya rubuta.

Ba a goge galmar ba da za a mayar da ita. Baba ya ce a bar mata ƙasarta, don mutane su san ba cokali ba ce.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana goma sha ɗaya. Washegari da sassafe na hau babur na nufi ƙauye, don na san abin da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi wa Baba. Tun daga nesa nake duban hanyar dutse. Akwai mutane suna hawa, amma ban ga tafiyarsa a cikinsu ba. Gonar mun riga mun ba wani ɗan ƙanen Baba ya noma.

Na sami Baba a ƙofar ɗaki, zaune kan turmi, sanye da tsofaffin kayan gonarsa. Ya saka su tun da asuba, daga nan kuma bai san inda za shi ba. Galmarsa tana rataye a jikin rumbu, ya juya mata baya. Mama tana kusa da shi a kan kujera 'yar tsugunne, tana dama kunu, tana ba shi labarin wata rigimar zumuntar mata da aka yi tun bara, wa ta ce me, wa ta mayar da me. Damina hamsin da biyu yana barin gida kafin gari ya waye, bai taɓa ganin wannan lokacin a tsakar gidansa ba.

Na gaishe su. Ya amsa, idonsa ya ɗan yi ja. Ya saurari Mama har ta kai inda matar mai unguwa ta jefar da ludayi, sannan ya juyo gare ni.

"Malama, ashe haka uwarki take da surutu da safe?"

Mama ta ce, "Labarin bara kawai ka ji, saura na shekara hamsin da ɗaya. Riƙe kofinka."

Ya miƙa kofin, ta cika masa, ya gyara zama a kan turmin.